Kwalaben Auta

Bayan rasuwar 'yata Auta na daɗe ban iya shiga ɗakinta ba. Yayata ce ta matsa mu kwashe kayan. A ƙarƙashin gado ta jawo wani kwali cike da ƙananan kwalabe, kowace kamar ɗan yatsa. Ta buɗe ɗaya ta shinshina, sai ta yi baya.

"Giya ce! Wallahi giya ce! Ashe abin da boko ya koya mata ke nan?"

Ni ma na shinshina. Warin ya doki hancina, na zauna a ƙasa. Yarinyar da ko lemon kwalba ba ta damu da shi ba. Kafin in dawo hayyacina Yaya ta tuttule rabi a makwarara, kuma kafin la'asar maƙwabta sun ji. Masu zuwa gaisuwa suka koma yi mini kallon tausayi iri biyu.

Washegari malamarta ta jami'a ta zo. Na ɗauko kwalin na ajiye a gabanta, na ce ta gaya mini gaskiya. Tana ganin kwalaben da babu komai a ciki ta dafe kai.

"Mama, wa ya zubar? Aikinta ne fa! Wannan sinadari ne na hana abu ruɓewa, ba na sha ba."

"To me ake hana wa ruɓewa?" in ji Yaya.

Malamar ta ce, "Maniyyin mazari."

Na zaci kunnena ne. Ƙwaron nan mazari da ke shawagi a bakin rafi? Ta ce shi ne. Ta ce kowane iri da siffar nasa, wani dogo, wani gajere, Auta na aunawa a madubin ƙara girma don a gane yadda barbararsu ta sauya tun zamanin da. Wai a wasu irin, namijin sai ya fara kwashe na wanda ya riga shi daga jikin macen kafin ya zuba nasa.

Yaya ta toshe kunne. "Budurwa da wannan aiki? Ke, gara ma a bar shi a giyar, ita ko ana iya faɗa."

Malamar ta ce abin da ya rage zai isa a ƙarasa aikin, da sunan Auta a kai, in na yarda.

Na ce na yarda. Na ɗauki kwalba guda na fita tsakar gida, inda mata ke zaune. Kalmar ban taɓa furta ta gaban mutane ba. Na ɗaga kwalbar na ce, "'Yata ba ta taɓa shan giya ba. Ku matso ku ji abin da ke ciki."