Shafin Kame

Tana tsaye gaban injin buga takardu tana kokawa da wata takarda da ta maƙale, sai Mataimakin Kwamishina ya turo ƙofa ko sallama babu. A hannunsa akwai tsarin aikin rundunar 'yan sanda na bana, wanda ita Sufritanda, shugabar ofishin tsare-tsare, ta kai wa Kwamishina jiya don ya sa albarka.

"Oga ya ɗan taɓa wuri ɗaya. Ki gyara kafin a shiga taro."

A bayan idonsa ba mai ce masa Mataimaki. Haka-Ne ake kiransa, don ko Kwamishina ya ce rana daga yamma take fitowa, shi zai riga kowa gyaɗa kai. Ta karɓa ta buɗe. Ba taɓawa aka yi ba, yankan rago aka yi wa shafin. Inda ta rubuta cewa bana a auna kowane caji ofis da saurin amsa kiran jama'a da kuma ƙararrakin da ya bincika har suka kai kotu, an bi shi da jan biro an soke. A gefe an rubuta: kowane caji ofis ya ninka kamen bara.

"A ninka kame?" ta ce. "Yallaɓai, ɓarayin ne suka aiko cewa bana za su ninku?"

"Ke dai ba ki rabo da tsiwa. Na sama lamba suke son gani. Bincike wa yake ganinsa? Amma in aka ce an kama dubbai, kowa ya san ana aiki."

Ya fita ya bar mata ƙamshin turarensa.

Ta zauna. Watanni ta yi tana bin caji ofis ɗaya bayan ɗaya kafin ta rubuta shafin nan, har takalminta ya buɗe baki. A caji ofis na bakin tasha ta tarar da sel cike maƙil, ana barci a tsaye, numfashin mutane na digowa daga rufin kwano kamar raɓa. Cikinsu har da wani mai faci, wanda laifinsa kawai motar sintiri ba ta son komawa fayau. Matarsa na zaune a benci da goyo tun safe. Kusa da ita wata mai shago da aka fasa wa ƙofa, ita ma tana jira, don ba wanda zai ɗauki bayaninta: duk an fita kame. To yanzu a ce a ninka.

Ta ɗauki waya ta kira mijinta. Ƙarar keken ɗinkinsa ta riga muryarsa isowa.

"Maman yara, kira da hantsi? Da wa za a kara yau?"

"Baban yara, in aka jefa ni wani lungu fa?"

Keken ya tsaya.

"Ni tela ne, ba gidan sama ba. Duk inda aka kai ki, akwai mai yagaggen wando." Ya sassauta murya. "Sai dai ki tuna 'yarki na ajin ƙarshe. Canja mata makaranta yanzu ba wasa ba ne."

"Na tuna."

"To in kin tuna kuma har yanzu bakinki na ƙaiƙayi, ki faɗa. Na san ki, in kika haɗiye, mu za mu sha a gida."

Ɗakin taron ya cika da manya. Kwamandojin yanki da shugabannin caji ofis sun jeru a dogon tebur, kowa da hularsa a gabansa da gorar ruwa. Fankar sama na juyawa tana ƙara kamar ita ma an tilasta ta. Kwamishina na can kai, yana wasa da sandarsa a tafin hannu.

Ta miƙe, ta sara, ta kunna majigi. Ta bi tsarin tiryan-tiryan: gyaran motocin sintiri, rabon sababbin rediyoyi, unguwannin da fashi ya addaba, abin da ake fatan cimmawa nan da shekara biyar. Ana ta gyaɗa kai, wasu na gyangyaɗi. Da ta iso shafin, sai ta bar shi a bango yadda yake, da jan bironsa, ta ajiye takardunta.

"Yallaɓai, wannan ba zan karanta shi ba."

Masu gyangyaɗi suka farka.

"Ban ji ba," in ji Kwamishina.

"Ba ni na rubuta ba, kuma sunan ofishina ne a bangon tsarin. In umarni ne, ka ba da shi da bakinka da sa hannunka, duk wanda ke nan zai ƙame. Amma kada a ce ofishin tsare-tsare ya yi nazari ya ga dacewarsa. Mun yi nazari, mun ga akasin haka."

"Sufritanda, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Yallaɓai, shi ya sa nake faɗa a gabanka ba a bayanka ba." Ta juya ga teburin. "Ranku ya daɗe, a cikinku wa ke da wurin da zai zuba ninkin mutanen da ke sel ɗinsa yau? In ɓarawo bai samu ba, wa yaranku za su ɗauko don lamba ta cika? Kun san amsar. Mai faci ne da mai tura baro da ɗan acaɓa. Gobe kuma mu je unguwarsu muna neman wanda zai tsegunta mana maɓoyar 'yan fashi."

Ta dubi shugaban caji ofis na bakin tasha, wanda ya riƙe ta awa guda a ofishinsa yana rantsuwa cewa kamen nan zai kashe su. Shi kuwa ya duƙufa karanta rubutun jikin gorar ruwansa. Wani tsohon kwamanda da ake kira Saura-Ƙiris, don ritaya ta ƙarato masa, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, gaskiya ni sel ɗina ko allura..."

Kwamishina ya ɗaga ido ya dube shi.

"...amma za a nemi wuri," ya ƙarasa.

Ita dai ba ta zauna ba. Kwamishina ya nuna Haka-Ne da sanda. Haka-Ne ya miƙe ya karanta shafin da murya mai daɗi kamar mai sanar da ɗaurin aure, aka tafa. Hannuwanta na bayanta har aka gama. Sannan ta juya ga sajen da ke rubuta bayanin taro.

"Saje, rubuta cewa shugabar tsare-tsare ba ta amince ba."

Biron saje ya tsaya a sama. Ya dubi Kwamishina.

"Rubuta mata," in ji Kwamishina, yana murmushin da bai kai ido ba. "Ka rubuta da manyan baƙaƙe."

Ba a kai la'asar ba takardar canjin wurin aiki ta fito. Haka-Ne da kansa ya kawo, yana ta sauke ajiyar zuciya kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Na gaya miki. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Ga shi an tura ki kwalejin horaswa."

Kowa a rundunar ya san kwalejin. Tana can bayan gari, tafiya mai nisa a kan hanya mai ramuka, kuma wanda aka kai can, ƙarin girma mantawa yake da shi. Ta karanta takardar har ƙasa. Ta san ta yi sallama da aninin kafaɗa na gaba. Abu ɗaya ya yi mata sauƙi: ba sai sun tashi daga gida ba.

"Me zan koyar?"

"Dokar kame da tsare mutane. Darasin da malamai ke gudu, kurata ke barci a ciki." Ya yi 'yar dariya. "Bana kuwa za ki sha aiki. Oga ya samo izinin ɗaukar kurata masu yawa, su za a raba wa caji ofis-ofis don aikin nan."

Ta ɗago kai.

"Dukkansu ta ajina za su bi?"

"Dukkansu mana. Ba mai fita sai ya ci darasin."

"Kuma ni ke cewa ya ci ko bai ci ba?"

"Ke... ke mana," in ji Haka-Ne, dariyarsa ta ɗauke.

Ta miƙe ta nufi kantar littattafai. Ta tsallake kwalin yabo da hotunan taro, ta zaro littafin doka mai kauri, ta kaɗe shi a cinyarta, ta sa a jaka. Ta ɗauki hularta ta daidaita ta a gaban gilashin taga.

"Yaushe za su iso?"

"Litinin," ya ce a sanyaye.

"To ka gaida Oga. Ka ce masa na karɓa, kuma ba zan makara ba."