Salular Malam Maina Ba Ta San Litinin Ba

Duk wanda ya ce cajin salula sana'ar hutu ce, ya zo ya yini a rumfata a Dogo-Dogo. Tebur cike, kowace da irin kukanta: wannan ƙira'a, waccan kiɗa, wata ma kukan jariri. Ni Kamalu na saba, kunnena ya toshe. Ta Malam Maina ce kawai ta fita daban, domin ita magana take yi, da muryar ƴarsa.

Nazifa ke nan, mai koyarwa a lekol, makarantar boko, a Magariya. Tun da uwarta Haoua ta rasu bara, ba mai tsaya wa tsoho a kan ciwon sukarinsa. A rumfar nan tawa ta zauna wata ranar kasuwa ta saita masa ƙararrawa, tana ɗaukar muryarta tana maƙala wa kowace: ta allura, ta abinci, ta ban ruwan tumaki, har da ta jiƙa yashin da ake binne tulun maganinsa don kada ya yi zafi. Kowace ta danna mata kullum, wato ta riƙa kaɗawa ba fashin rana. Na ce, “Malama, kin mai da Baba ɗan aji.” Ta ce in dai zai ji, ta yarda.

Wata Litinin cikin damina ya zo da sassafe, janye da jakinsa, fartanya a kafaɗa. Ya miƙo salula, na jona ta. Ina shan kunu na ce, “Bismillah, Baba.”

“Alhamdu lillahi, ɗana. Yau azumi nake.”

Ya kama hanyar gona. Bai jima da tafiya ba salular ta fara. Na danna ta yi shiru. Can ta sake, na sake dannawa, ina ta fama da wani mai gardamar an musanya masa batir. Ashe ba kashe ta nake yi ba, ɗaga ta nake yi zuwa an jima. Sai da hantsi ya ɗaga rumfa ta yi sauƙi, sannan na ji abin da take faɗa.

“Baba, ka yi allura, yanzu ka ci abinci. Ka ci, ba wasa. In ba ka ci ba faɗuwa za ka yi.”

Na kira Nazifa da salular tasa, ina ta addu'ar rezo ya tsaya kada layi ya yanke. Ta ɗauka, ina jin hayaniyar yara a bayanta.

“Malama, Kamalu ne. Baba ya yi allura yau?”

“Ya yi. Na kira shi da safe, ya ce ƙararrawa na kaɗawa ya yi. Lafiya?”

“Azumi yake. Kuma ya tafi gona tun ɗazu.”

Sai na ji ta ce, “Inna lillahi! Sukari, Kamalu. Ka jiƙa da ruwa ka ba shi. Don Allah, don Annabi, ka nemo shi. Ga ni nan.”

Na bar rumfa a buɗe. Na damƙi sukari a teburin Sharifu mai shayi, yana tambaya ina za ni ban ko waiwaya ba. Na zuba a gorar ruwa, na jefa salular a aljihu, na hau moto. Wanda ya san hanyar gonakin nan ya san yashinta ba ya jin roƙo. Moto ya kafe tun ban kai rabi ba. Na yar da shi na sa gudu.

Ga jaki a ɗaure gindin gawo, yana kiwonsa hankali kwance, har na ji haushinsa. Gero kuwa ya fi ni tsawo, ko ina ka duba kore ne. Na ƙwala kira, “Baba Maina!” Ba amsa. Na kutsa ciki, ganye na yankar fuskata, ina bin inda aka nome ciyawa sabo. Noman yana tafe daidai, sai ya fara karkacewa, sai ya tsaya. Ga fartanya a yashe. Wallahi a nan na ce shi ke nan, gawa zan kai wa yarinyar nan.

A bayan wata sabara na same shi zaune, riga sharkaf da gumi, hannuwa na rawa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

“Baba, sha wannan.”

Ya kau da kai. “Azumi nake.”

“Nafila ce, Baba! Allah bai ce ka kashe kanka ba!”

Ya kai wa gorar duka, rabin ruwan ya bi yashi. Tsoho ne, amma ƙarfin da ya zo masa ban san daga ina ba. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na jawo abin da na sani na malamai, ya datse haƙora. Maganarsa ta fara sarƙewa, kansa na sunkuyawa. Na ciro salular in kira Nazifa ta yi masa magana, ba rezo ko ɗigo. Tsoro ya kama ni sosai. In ya suma ba zai iya haɗiya ba, kuma ni kaɗai ba zan kai shi wurin majo na asibiti a kan lokaci ba.

Ina riƙe da ita, sai ta kaɗa.

“Baba, ka yi allura, yanzu ka ci abinci. Ka ci, ba wasa.”

Ya ɗago kai a hankali yana neman inda muryar take. Na kara masa ita a kunne.

“To,” in ji shi. “To, na ji.” Ya buɗe baki.

Kaɗan-kaɗan na riƙa ba shi har gorar ta ƙare. Na zauna kusa da shi ina kallon rawar hannun na raguwa. Da idonsa ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne wa na bar wa rumfa.

A kan jaki na kai shi gida, majo ya zo ya duba shi. Bayan azahar Nazifa ta sauko daga kabu-kabu, ƙura har gira. Ta durƙusa gabansa tana kuka tana faɗa lokaci guda. Ta ce laifinta ne, ita ta danna kullum, ta manta da Litinin.

“Abin da kika faɗa wa salular shi ta faɗa,” in ji tsoho. “Uwarki ce ta san Litinin. Da asuba take ajiye mini fura, ta ce in na kuskura na yi niyya, ni da ita ne.” Ya dubi ƙasa. “Ran Litinin ta tafi. Na ce bari in yi, in roƙa mata.”

Nazifa ta share fuska, ta karɓi salular, ta buɗe sabuwar ƙararrawa, ta zaɓi Litinin kaɗai, kafin ta allura. Ta kai bakinta.

“Baba, yau Litinin. Ka sha furarka. Addu'a ta ishi Inna, in ka kuskura ka yi niyya...”

Muryarta ta karye. Ta kai yatsa za ta goge ta sake ɗauka, tsoho ya riƙe hannunta.

“Bar shi haka, ƴata. Sauran na san shi.”