Iska a Kuncin Hagu

Talata, goma sha bakwai ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe... na duba agogo, Torquil. Kana durƙushe cikin kogin Spey, hannunka a kan idonka, jini yana bi ta tsakanin yatsunka, ni kuwa na duba agogo. Wane irin mutum ne yake duba agogo?

Yanzu sha biyu saura kwata. Motar asibiti ta tafi da kai. Ina zaune a kan dutse, sandar fatsa a cinyata, igiyarta tana jan ƙasa. Da hannuna na yanke ta, taƙi ɗaya daga fuskarka. Ƙugiyar tana nan inda ta shiga, sun ce kada a taɓa. Ƙudan ƙarya da na ɗaura wa ƙugiyar ran Lahadi bayan coci, gashin wuyan zakara da jan zare, yana reto a fatar idonka na dama kamar ya sauka ya huta.

'Yarka Effie, da ta zo da gudu daga bukkar masu fatsa, ta riƙe mini hannu kafin ta shiga motar. Ni ta riƙe wa hannu! "Iska ce, Baba Lachie. Kowa ya san iskar kogin nan. Kada ka sa wa ranka komai."

Na gyaɗa kai.

Iska ce... to, wace iskar?

Shekara hamsin da biyu ina koya wa mutane jifan fatsa. Ba ƙuda ake jefawa ba, ƙuda ba shi da nauyin komai, igiya ake jefawa, shi ɗan rakiya ne. Sanda ta lanƙwasa, ta tara ƙarfi, ka tsayar da ita cak — cak, ba da lallashi ba — sai igiya ta warware a kan ruwa ta bi hanyar da bakin sanda ya bi. Ba ta da ra'ayin kanta. A nan kuma itatuwa ne a bayanmu, ba a jefawa baya. Ka ɗago igiya, ƙuda ya sumbaci ruwa a gefenka, igiya ta yi ciki a bayan kafaɗarka, sannan ka tura. Doka ɗaya ce tak, na faɗe ta har bakina ya gaji: igiya ta yi cikinta a gefen da iska take tafiya, wanda ke tare da kai ya tsaya a gefen da take fitowa.

"Shekara hamsin kana yi wa kifi wa'azi, tsoho, ko ɗaya bai tuba ba." Da safen nan ka faɗa, bakinka cike da burodi da cuku. Na ce ai kai ma ba ka tuba ba, har yau kana jifa kamar mai korar kaji daga shanya. Ka yi dariya har shayi ya zube maka a riga...

Da wane ido za ka ga rigar yanzu?

Tsaya. Tsaya, Lachie Macrae. Tuna Fada Aeneas a makarantar mishan, rula a hannunsa, ƙurar alli a baƙar rigarsa: "Macrae, ba amsa na tambaye ka ba. Sake lissafa mini, tun daga farko." To, tun daga farko.

Ƙarfe tara mun shiga ruwa. Iska tana zuwa daga dama, ina jin ta a kuncina, sanyi-sanyi. Ban taɓa jiƙa yatsa ba, ban taɓa watsa ciyawa sama kamar baƙi ba, fuskata ce ma'aunina. Saboda haka igiya a hagu. Kai a dama, taku biyu bayana, da ragar kwasar kifi. Daidai. Komai daidai. Wajen sha ɗaya yayyafi ya sauko, ka cire tabarau kana gogewa. Iska kuma ta kwanta. Na ji ta kwanta, kuncina na dama ya daina jin komai. Na ci gaba da igiya a hagu. Na ɗago, ƙuda ya taɓa ruwa, na tura —

Me ya kai ka hagu, Torquil? Me ya kai ka? Kai da ka san dokar kamar sunanka?

Ganyen itatuwan tsallake... duk sun kwanta sun nufi dama. Hayaƙin bukka ma dama ya nufa, a shimfiɗe, ba ya ko tashi sama. Amma fuskata ba ta jin komai. Bari in juya kai. In ba ta kuncin dama.

Wayyo Allah.

Ga ta nan. Da ƙarfi, har cikin kunne. In juyo — shiru. In sake juyawa — ga ta. Tana kaɗawa daga hagu, kuma ba yanzu ta fara ba.

Watan Maris. Asabar da safe, gaban madubi. Aska tana bin kuncina na hagu kamar fuskar wani nake askewa. Kofi ya suɓuce daga hannuna. Kwana biyu hannun yana nauyi, baki a karkace, sannan hannun ya dawo, baki ya dawo, na ce shi ke nan, ya wuce. Kuncin ne bai dawo ba. Ban je wurin likita ba. Da na je, da sun karɓe makullin mota, maigidan da nake wa aiki a kogi ya ce, Lachie, ka huta mana, shekarunka saba'in da takwas. In huta in yi me? Guntun fata ne kawai, faɗin tafin hannu. Wa zai cutu da guntun fata?

Ba kwantawa ta yi ba. Juyawa ta yi. Kai ka ji ta juya, sai ka zagaya ta bayana ka koma hagu, gefen da take fitowa, inda na koya maka ka tsaya. Ka tabbata zan sauya jifa, kamar yadda na sauya sau dubu ba wanda ya ce mini uffan. Ba ka yi magana ba... ina za ka yi? Sau ɗaya ka taɓa cewa, "Ta juya fa, malam," muna samari, na yini ban kula ka ba. Wa yake gaya wa Lachie Macrae inda iska take?

Kai ka bi dokata. Kai kaɗai, a cikinmu biyu.

Effie ta ce za ta bugo da zarar likita ya ce idon zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Wayar tana aljihuna. Za ta sake cewa iska ce. Kai ma haka za ka ce, na san ka, kana kwance da bandeji za ka ce iska ce, har ka ƙara da zolaya. Ba wanda zai tambaye ni. In na yi shiru, har in mutu ba wanda zai... in kuwa na buɗe baki...



Su wa suka rage a bakin ruwan? Baƙi biyu can ƙasa, 'yan Jamus, ba su san an yi komai ba, suna ta jifansu. Matar da ke dafa shayi a bukka, tana leƙowa ta taga tana komawa. Karenka, zaune a bakin hanya, yana kallon inda motar ta bi. Sai ni.