Gansakuka a Falon Dakta

Mijin 'yata likitan haƙori ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai ƙin datti kamarsa ba. To, sai Allah Ya haɗa shi da gansakuka.

Wani akwatin gilashi ya girke a falo kusa da taga, ya cika shi da ruwa, ya dasa ciyayi, ya zuba kifayen da ko loma guda ba su kai ba. Da fari abin gwanin sha'awa. Ba a jima ba gilashin ya yi kore shar, ganyaye suka tsiro gemu. Sai ka manna hanci kafin ka hango kifi.

'Yata ta ce, "Dakta, a falon nan matan ƙungiyarmu za su yi taro. In suka zo abin nan yana haka, wallahi gareji zai koma."

Bawan Allah ya tashi haiƙan. Ya kwaso buroshin haƙori daga wurin aiki, yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Yi haƙuri, ba zafi." Ya sayo dodon koɗi ya zuba, wai su lashe gilashin. Sannan ya tara mu ya kafa doka. Haske da ƙoshi ke kawo gansakuka, in ji shi, don haka an rage wa kifi abinci, kuma za a lulluɓe akwatin da baƙin bargo.

Ni kuwa a gidan da nake ba a barin mai rai da yunwa. Yana fita aiki sai in yaye bargon su sha rana, in barbaɗa musu ɗan abin taɓawa. Wata rana na tarar da 'yata da gwangwanin abincin a hannu. Ta barbaɗa nata, ta miƙo min na barbaɗa nawa.

Ranar taro, mata sun cika falo, Dakta ya zo a gaban kowa ya fizge bargon, shi a dole zai ba da mamaki. Ya kuwa bayar. Gansakuka ta ninka, har tana lilo.

'Yata ta runtse ido. Shugabar ƙungiya, wadda ba ta buɗe baki sai ta ambaci tafiye-tafiyenta, ta gyara tabarau ta matso.

"Kai! Irin wannan ne na gani a wani babban otal. Kallonsa kaɗai saukar da hawan jini yake. Dakta, a ina ka samo irin?"

Nan take falo ya rikice. Matar da ɗazu ta toshe hanci ita ce ta fara ɗaukar hoto. Wata ta rantse kanta ya daina ciwo. Kafin a tashi an yanke cewa taro na gaba ma a nan za a yi.

Baƙi na fita 'yata ta ƙwace buroshin. "Akwati ya zauna. Amma ka kuskura ka taɓa min koren nan!"

Sai dai an manta da dodon koɗi. Ashe duk zaman nan hayayyafa suke a ƙarƙashin ganye. Suka fito rundunarsu, suka bi gilashi suna lasa, har ya fara ƙyalli. Ga taro ya matso, ga gareji a share.

Jiya da safe na same shi a durƙushe, yana tsince su da hantsakin cire haƙori. Ya ɗago, ya sosa ƙeya.

"Inna, don Allah ko za ki riƙa ɗan ƙara wa kifin nan abinci?"

Na ce, "Ni? Ai doka ka kafa, Dakta. Ban saba taka dokar mai gida ba."