Wuƙar Likita da Murjanin Lemar Kwaɗi

Shekara talatin Likita ya yi yana fiɗa, don haka bai ga dalilin da murjani, wata halittar teku mai girma a jikin dutse, zai gagare shi ba. A tankin ruwan gishirin da ke falonsa, wani murjani mai kamar lemar kwaɗi, wato naman kaza, ya mamaye dutse guda, saura ƙiris ya kai ga murjani mai rassa da 'yarsa ta ba shi. In ya taɓa shi kuwa, ƙone shi zai yi.

Likita ya naɗe hannun riga, ya bi lemomin da wuƙar fiɗa, ya yanke tara. Bayan wata biyu, kowane guntun da ya rage a jikin dutsen ya buɗe sabuwar lema. Ya ƙirga ashirin da uku.

"Sannu da aiki, Baban yara," in ji matarsa. "Ashe karɓar haihuwa ka koma? Ka ɗauke dutsen gaba ɗaya mana."

Da yamma ya mayar da dutsen ƙaramin tanki, mai rassa ya tsira. Ya goge hannu, ya sanar da ita cewa dama wannan ne mataki na biyu a tsarinsa.