Katangar Mayaƙa Arba'in

"A nan suka tsaya, su arba'in kacal," in ji ɗan rakiya, yana dafa rusasshiyar katangar dutse. "Abokan gaba kuwa dubu da ɗari biyar."

Shekara goma sha tara ke nan yana faɗa wa masu yawon buɗe ido wannan magana a gandun daji na bayan gari. Ba shi ya ƙirƙira ba, gadonta ya yi daga wanda ya riga shi aikin, ɗari biyar ɗin ce kawai tasa. Yau kuwa sabuwar Daraktar gandun tana cikin ayarin da littafi a hannu, za ta yanke ko a bar shi, ko a maye gurbinsa da allunan bayani, waɗanda ba sa ciwon gwiwa kuma ba sa neman hutu.

Tun safe ranar ta ƙi shi. Biran da kullum ke fizge wa mutane ayaba sun ɓace. Tsuntsun da ya sa kowa ya yi shiru dominsa ya zama baƙar leda a reshe. Ga kuma surukarsa, wadda likita ya ce ta riƙa tattaki, matarsa ta haɗa shi da ita. Tsohuwar ba ta taɓa shigowa gandun ba tun da aka tashi ƙauyensu aka kewaye wurin da waya.

"Wai wace katanga kake nufi?" ta tambaya daga baya.

"Ta mayaƙa, Mama."

"Wannan? Garken awakinmu ne."

Wani mai hular rana ya sauke kyamararsa.

"Baban yara ya gina shi, ni na ɗebo duwatsun a kaina. Ka ga inda ya karkace? Ranar muka yi faɗa." Ta nuna ramin da ya saba kira mafakar 'yan baka. "Nan kuma bunsuru ke kwana."

Darakta ta dube shi. "Malam, wanne za mu ɗauka?"

Kalma ɗaya ta isa: tsufa. Kowa zai yi murmushi, a wuce. Amma mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gaban matar nan ba, yau ya ƙaryata ta a bainar jama'a? Ya dubi katangar. Shekara goma sha tara, bai taɓa tambayar kansa yadda mutum arba'in suka ɓuya a bayan abin da bai kai masa ƙugu ba.

"Na Mama," ya ce.

Ba wanda ya ƙara kallonsa. Aka kewaye tsohuwar. Ta nuna inda rijiya take, da tsamiyar da ake yi wa yara aski a ƙarƙashinta, da hanyar da motocin kwashe su suka bi. Darakta ta cika shafi huɗu. Birai ma suka fito.

A bakin ƙofa Darakta ta kira shi gefe.

"Na fasa allunan. Mama za ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi."

"Ni fa, ranki ya daɗe?"

"Ai tana buƙatar mai riƙe mata kujera da lema."

Suna jiran mota, surukar ta gyara mayafinta, ba ta dube shi ba.

"Arba'in ɗin dai ka yi daidai," ta ce. "Awakin ke nan, har da 'yan ƙanana."