Kusurwa Huɗu a Ƙarƙashin Ruwa

Watan Bitrus Baƙo uku da kama aiki a ofishin gona na Haɗejiya lokacin da aka tura shi wani ƙauye kusa da Auyo, ya yi rajistar manoman da ambaliya ta cinye wa shinkafa. Duk wanda sunansa bai shiga na'ura ba kafin Juma'a, babu shi a rabon irin noman rani.

A da, takarda ake cikewa, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan. Yanzu kuwa na'urar hannu ba ta karɓar sunan manomi sai ma'aikaci ya je kusurwoyin gonarsa huɗu, ya danna a kowace. Gonar Malam Gwadabe, dattijo mai iyali goma sha ɗaya, tana can tsakiyar fadama, ruwa ya shanye ta har ba a ganin ko kan ciyawa.

"Kai dai tsaya nan bakin gaɓa ka danna sau huɗu," in ji Haris, abokin aikinsa, yana ɓare gyaɗa. "Wa zai biyo ka da awo?"

Bitrus ya karanta littafin ƙa'idar har sau biyu, don haka ya san abin da Haris bai sani ba: bakin gaɓar an riga an rubuta shi da sunan wani, kuma idan gona biyu suka hau juna, wadda aka shigar daga baya na'ura take gogewa. Ya kuma san bai iya iyo ba.

Ya naɗe na'urar cikin leda biyu, ya ɗaura ta a wuya, ya shiga kwalekwalen dattijon, ya ƙanƙame bakinsa da hannu biyu.

"Ɗana, saki bakin jirgin nan, ba gudu zai yi ba," in ji Malam Gwadabe. "Duk difilomar taka ba a koya muku zama ba?"

"Ba a kai ga wannan darasin ba, Baba."

Suka yi nisa har muryar Haris ta ɓace. Ko'ina ruwa ne iri ɗaya, amma dattijon sai ya rage tuƙi, ya fara caka gorar tuƙinsa a ƙasa yana saurare. Can ta bugi wani abu mai tauri.

"Dutsen da mahaifina ya kafa ke nan. Danna."

Ya danna. Kusurwa ta biyu kututturen giginya ne, ta uku tsohuwar kunyar da ta raba su da Shu'ibu maƙwabcinsa. Ta huɗu ta ba su wuya. Sau uku suna kewayawa, iska na janye su, kafin gorar ta nutse a ramin da ake kafa injin ban ruwa.

Na'urar ta yi jim, sannan ta zana gonar a fuskarta, doguwa mai ƙugu a gabas, da sunan mai ita a ƙasa.

Malam Gwadabe ya daɗe yana kallo. "Ita ce. Har karkacewar."

Da suka iso gaɓa, manoma bakwai na tsaye, kowa da gorarsa. Haris ya dubi wandon Bitrus da ya jiƙe sharkaf, ya buɗe baki zai yi tsiya.

Bitrus ya gyara zama a cikin jirgin, hannuwansa a kan cinya. "Wa ke biye?"